Cinikin Ƙanƙara

Azahar ta gota a Agege, bakin layin dogo,
ina gadin ƙanƙara bakwai da suka rage min cikin dusar katako,
sai ga Hambali, ɗan ƙanwata,
da fuska kamar wanda motar gida ta tashi ta bari.

"Kawu, sun ba da shi."
Na ce, wa?
Ya miƙo min waya mai tsagaggen gilashi:
ƙarti cikin sulke, da wuƙa a ƙasan takalmi,
suna korar wani baƙin abu kamar murfin gwangwani
da sanduna masu lanƙwasa.
Farin daɓen nan, in ji shi, duk ƙanƙara ne.
Na ce, ikon Allah.
Abin da nake yankawa da zarto, ina lallashi kada ya tsiyaye,
shi wasu ke takawa a guje.

Rigar mutumin ya fara sani kafin mutumin.
A dilar gwanjo ta Katangowa ya tsinto ta,
mai lamba sha tara, har gwiwa take kai masa.
Ya bi sunan da ke bayanta
har ya kai shi ga farkawa ƙarfe ukun dare, shekara huɗu,
da cajin aro da datar bashi.

Yanzu ƙungiya ta musanya shi:
shi kaɗai, da shekara talatin da huɗu da gwiwar da aka ɗinke sau biyu,
a bakin samari biyu
da wani na ukun da ba a ma san ko wane ne ba,
sai baɗi za a zaɓo shi.

Malam Ɗahiru dillali, da ya biyo daga mayanka, ya ja benci.
Ya ce, "Ba a yanke wa sa kuɗi sai an buɗe bakinsa.
Haƙoransa fa?"
Hambali ya yi dariyar farko ta ranar:
"Na gaba huɗu sun zube a filin."
"To, an gama. Maraƙi biyu da ɗan cikin saniya
a bakin tsohon da ya yi giɓi?
Wanda ya sayar ya ci kasuwa."

Iya Risikatu mai kifi, da ta zo karɓar ɓari ɗaya,
ta murguɗa baki da Hausarta ta kasuwa:
"Babban kifi da nake ɗorawa a sama,
shi ke tsai da mai wucewa.
Ka sayar da shi da safe, ka ga wa zai kalli tirenka."

Suka juyo gare ni.
Ni kuwa abin da na sani bai wuce wannan ba:
ƙanƙarar asuba dubu ce,
da la'asar a yi min tayin rabi in gode,
da magariba sai in zubar da ruwa a kwata.
Mai hankali yana sakinta tun tana da nauyi.

Na faɗa, kuma gaskiya ce.
Abin da ban faɗa ba,
shekara sha shida na yi ina lodi a kamfanin da ke yin ta,
ranar da bayana ya fara ƙara
aka kawo yara biyu a kan albashina.
Lissafin manaja daidai ne.
Har yau ban sami inda ya yi kuskure ba,
kuma har yau ba na bi ta ƙofar.

Hambali ya ce, "To, wa ya ci riba?"
Na ce, ka dawo bayan damina uku,
in maraƙan sun yi ƙaho, mu sake zama.

Na fasa masa ɗan gutsure, na sa a tafinsa.
Na ce, riƙe, ka yi mata kuɗi.
Yana cikin tunani jirgi ya wuce, rumfa ta girgiza.
Kafin ya buɗe baki
ruwa ya bi ta tsakanin yatsunsa
ya ɗiga a kan rigar.